Injin da Yaya Ya Rage wa Waya

Yayanmu gwani ne wajen naɗa wayar injin lantarki, sai dai ba ya son a ce masa abu ya kai iyakarsa. Shi da Auta, ƙaninmu mai mata da 'ya'ya biyu, suke haƙar rijiya. Auta ke shiga ƙasa, Yaya yana sama wajen injin da ke jawo bokitin laka.

Wata rijiya ta yi musu zurfi, laka ta yi nauyi, inji ya fara nishi. Yaya ya kwance shi a shago, ya rage zagayen wayar ciki don ya ƙara masa ƙarfin ja. Tsohon da ya koya masa sana'ar ya leƙo ya ga aikin.

"Kai, wa ya koya maka wannan? Ba dai ni ba."

"Baba, zamani ya wuce ku. Ƙarfi nake nema."

"Ƙarfen cikin nan yana ƙoshi da maganaɗisu, kamar yadda kake ƙoshi da abinci. In ya ƙoshi, duk wutar da ka ɗura masa zafi take zama, ba ƙarfi ba."

"To ni ban taɓa ƙoshi ba," in ji Yaya yana dariya.

Washegari inji ya ɗan ƙara ja, Yaya ya ji daɗi. Kafin rana ta take, jikin injin ba ya taɓuwa don zafi. Fis ɗin da ke yanke wuta in ta yi yawa ya tsinke sau biyu, sai Yaya ya maye gurbinsa da waya mai kauri. Ya jiƙa buhu ya lulluɓa wa injin, ya dafa ya ji sanyi, hankalinsa ya kwanta. Cikin kuwa yana ta dahuwa.

Auta ya ɗago murya daga ƙasa. "Yaya, ƙauri nake ji. Nama kake gasawa ba ni?"

"Cika bokiti kai dai, sarkin surutu."

"Har baki?"

"Har baki."

Bokiti yana hawowa, ya wuce rabin rijiya ke nan hayaƙi ya taso ta ƙarƙashin buhun. Inji ya yi shiru, igiya ta juya da gudu. Yaya ya cafke ta da hannu biyu, ta saɓule masa fatar tafin hannu ta wuce ƙasa da bokitin. Ya kifa kai a bakin rijiya yana kiran Auta. Ba amsa.

Bayan an dawo daga maƙabarta, matar Auta ta dubi hannayen Yaya da ke naɗe da ƙyalle.

"Yaya, ya sha wahala?"

Yaya ya tashi ya fita. Tun ranar bai sake buɗe shagonsa ba.

Darasin shi ne, kowane abu yana da iyakar da aka yi masa, kuma taurin kai ba ya matsar da ita. In na'ura ta nuna alamar gajiya, a tsaya a saurare ta, kada a rufe mata baki. Sau da yawa ba mai gangancin ne yake tsaye a ƙarƙashin kayan ba, wanda ya amince da shi ne.