Wutsiyar Agwagwa

Ga ta nan, ga ta nanku!
Ta zo, muna saurare.

Kada ya wayi gari ya ce kogi nasa ne, ba mai ratsawa. Dorina, sarauniyar bakin gaɓa, ta ce, "Kogi hanya ce ta kowa! Agwagwa, je ki ratsa ya gani."

Agwagwa sarkin yarda ta shiga ruwa. Caraf! Kada ya gutsure mata wutsiya. Da ƙyar ta sha.

"Ranki ya daɗe, dubi aikinsa! Tashi mu je!"

Dorina ta gyara kwanciya a taɓo. "Mun yi tir da wannan. Gobe ki sake ratsawa, kar ya zaci mun tsorata."

Agwagwa ta saki baki. "Da wace wutsiyar?"

"Ai da sauran fukafukai."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ta bi ruwa.