Muryar Keziah a Wayoyin Mutane

Akwai wani dattijo a Zuru, tsohon soja, ana ce masa Baba Haggai. Tun da matarsa Keziah ta rasu, gidan ya yi masa girma. Yara duk suna Legas.

Abin da ya rage masa kaset ɗaya ne, na waƙoƙin da shi da ita suka tsara da yarensu, ita ke rerawa. Ba su taɓa sayar wa kowa ba. Da yamma yakan kunna, ya ci tuwonsa kamar su biyu ne.

A 2008 kaset ya fara cin zare. Sai ya kai wa Nasiruddeen mai shagon intanet, wanda ke ji da kansa don ya iya kwamfuta, ya mayar masa a faifai.

"Ɗana, guda ɗaya nake so. Kada ya fita."

"Baba, kwantar da hankalinka."

Ashe gogan ya ajiye nasa. Ya ɗora waƙoƙin a intanet, samari suka riƙa saukewa suna tura wa juna.

Ran kasuwa, Baba yana tayin barkono, sai ya ji muryar matarsa a bayansa. Ya juya. Wayar wani ɗan acaba ce ke ƙara. Mutumin ya katse Keziah a tsakiyar baiti, ya ce, "Ina nan tafe."

Baba ya wuce shagon kai tsaye. Nasiruddeen ko tashi bai yi ba.

"Baba, mi na yi? Suna na yi muku kyauta. Abin da ya hau intanet ai na kowa ne."

Japhet, babban ɗan Baba, ya zo ya kai ƙara. Alƙali ya ce waƙa dukiya ce, mai ita kaɗai ke da ikon yaɗa ta, ko da mai yaɗawar bai karɓi sisi ba. Aka umarci Nasiruddeen ya cire waƙoƙin, ya biya diyya. Kwamfutocinsa suka tafi, shago ya rufe. Masu saukewa kyauta kuwa, ko sannu.

Kunya ta kai Nasiruddeen gidan Baba neman gafara. Ya tarar da shi zaune shi kaɗai, rediyon da yake kunna waƙoƙin a rufe da ƙyalle.

"Na yafe maka," in ji Baba. "Amma na daina kunnawa. In ta fara, sai in ji kamar wani zai ɗauka ya katse ta."

Suna zaune, muryarta ta tashi daga aljihun wani mai wucewa. Baba, wanda bai taɓa mallakar waya ba, ya saurara har ta yanke.

"Da ni kaɗai take yi wa waƙa. Yanzu kowa take kira ban da ni."

Darasi: Sauƙin turawa ba izini ba ne. Kotu na iya cin ka tara, amma ba ta iya mayar wa mai abu abin da ka yaɗa. Ka tambayi mai shi tukuna. Wannan labarin kam na ba ku izini, ku tura wa 'yan'uwa.