Gaskiyar da Aka Jefa a Kwata

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, ba ɓarawo ba ne, ba kuma mashayi ba. Da kun gan shi a sahun gaba, da kun ce Allah ya ba mu irin halinsa. Shugaban leburori ne a siton wani kamfani mai aika na'urorin sadarwa zuwa ƙasashen waje, irin waɗanda ake ɗorawa a kan dogon ƙarfen sabis. Ku dai kuna ta "halo, halo", ba ku san wahalar da suka sha a hanya ba.

Kayan nan sun fi ƙwai son lallami. Ana naɗe su da soso, a sa su a akwatin katako, a buga ƙusa. Sannan manaja ya manna wata 'yar kwalba a jikin akwatin, ba ta kai ɗan yatsa ba, ya rubuta lambar akwatin a kanta. Fara ce tas. In akwati ya faɗi ko ya bugu, sai ta koma ja, kuma ba ta sake yin fari har abada. Leburori suna ce mata 'yar tsegumi. Duk wanda ta yi ja a hannunsa, shi ne mai laifi.

Mutumin nan ana masa laƙabi da Kafin-ƙiftawa, saboda saurin lodinsa. Yana son sunan nan kamar ransa. Shekara da shekaru ana yabonsa, wai 'yar tsegumi ba ta taɓa yin ja a hannunsa ba.

Ƙarya ce, ya 'yan uwa! Ta sha yi. Aljihunsa ne ba ya rabo da sababbi, kuma ya iya kwaikwayon rubutun manaja. Akwati ya suɓuce, ya waiga hagu ya waiga dama, ya ɓamɓare jar, ya manna fara, ya wurga jar a kwatar bayan sito. Shi ke nan, an wuce wurin.

An wuce? Ina! Can a wata ƙasa za a buɗe akwati, a ga kwalba fara, a ga na'ura matacciya. Sai a ce ai lafiya ta iso, wanda ya buɗe ta ko ya haɗa ta shi ya kashe ta. A kori wani bawan Allah, ya koma gida ya rasa abin da zai gaya wa iyalinsa. Shi kuwa Kafin-ƙiftawa ina ruwansa? Bai san fuskokinsu ba.

Yana da ɗa namiji guda ɗaya, injiniya ne a kamfanin, shi ake turawa ya haɗa irin na'urorin nan. Yaron kirki, mai kunya. In uban yana zancensa, har ƙirjinsa buɗewa yake yi.

Wata rana aka kawo wani babban akwati. Gwamnatin wata ƙasa ce ta yi odar na'urar, da ita za a haɗa layin kiran gaggawa na asibitoci da 'yan kwana-kwana. Aka ce wa Kafin-ƙiftawa a bi a hankali. Ya yi dariya, ya hau motar ɗaga kaya da kansa, ya sha kwana da gudu kamar yadda ya saba. Akwati ya zame, ya daki siminti da kusurwa. Ya ji wani ɗan sauti daga ciki, kamar an fasa kofi a cikin bargo. Ya duba, 'yar tsegumi ta yi jawur. Babu kowa kusa. Hannu ya riga ya saba, ya yi abin da ya saba.

Da yamma suna cin abinci, sai ɗan ya ce, "Baba, albishirinka. Wanda zai raka babban akwatin nan ba shi da lafiya, ni aka ce in tafi. Tunda kai ka loda shi, ai barcina zan yi ta sha a jirgi."

Uban ya tsame hannu daga abinci.

A nan nake so ku tsaya, ya 'yan uwa. Akwatin bai bar sito ba tukuna. Kalma ɗaya ta isa. Amma Shaiɗan ya raɗa masa, "Wataƙila ba ta fashe ba. Za ka zubar da sunan da ka gina saboda wataƙila?" Ya ga ɗansa yana goge takalmi, ya yi shiru. Ya ga uwar tana ninke masa kaya, ya yi shiru. Ya raka shi har filin jirgi, ya dafa kansa ya sa masa albarka, da hannun nan da ya ɓamɓare kwalbar.

A can aka buɗe akwati gaban manyan jami'ai, kwalba fara tas. Yaro ya sa hannu ya karɓa, ya haɗa na'ura, ta ƙi tashi. Aka duba cikinta, ta tsage. Suka ce wannan ba kuskure ba ne, zagon ƙasa ne. Suka karɓe fasfonsa, suka kulle shi. Baƙo ne, ba ya jin harshensu, ba shi da kowa.

Sai a lokacin bakin uban ya buɗe. Ya faɗa ofishin manaja ko sallama babu, yana cewa, "Ni ne! Wallahi ni na yar da shi! Ni na canza kwalbar!"

Manaja ya zaunar da shi, ya ba shi ruwa, ya ce, "Haba Baba, wane uba ne ba zai ce shi ne ba? Kai da ba a taɓa samun ja a hannunka ba? Je ka gida ka huta."

Kun gani? Sunan da ya ƙi sayarwa don ya fanshi ɗansa, shi ne ya tashi ya ba da shaida a kan ɗan.

Ya je wajen lauya. Lauya ya ce magana ɗaya ce, ya kawo jar kwalbar mai lambar akwatin da rubutun manaja. Dattijo ya tuɓe riga, ya shiga kwatar bayan sito har gwiwa, yana laluben taɓo da hannu, leburorinsa suna tsaye suna kallo. Kuma ya samu. Ya samu ɗaya, ya samu wata, ya samu wata, har ya cika hularsa. Duk jajaye, amma ruwa ya wanke lambobinsu, ba ka sanin wacce ce ta wane akwati. Ya zauna a bakin kwata ya zuba musu ido yana kuka. Kowace ɗaya mutum ce da aka kora saboda shi. Ranar ya fara tunanin su ma suna da iyaye.

Ya kai wa manaja hular. Manaja ya ce, "Kowa ma zai iya buga kwalba da ƙasa ta yi ja." Ai kamfani ba ya son wannan gaskiyar, don in ya karɓe ta, asarar shekaru ce za ta dawo kansa. Aka sallami dattijo a mutunce, wai damuwa ta taɓa masa hankali.

Mutum ɗaya ce ta gaskata shi a duniyar nan, matarsa. Ta ce, "Na san kai ne, Baban yaro. Na ga yadda ka tsame hannu daga abinci ranar. Ina ninke masa kaya kana kallona." Ta kwashe 'yan kayanta ta koma ɗakin ɗanta, ta rufo ƙofa.

Yaron yana can a kulle. Uban kuwa kullum yana bakin ƙofar siton da hularsa a hannu, duk direban da ya fito ya tare shi ya ce, "Ni na yar da shi." Su ce, "Allah sarki, son ɗa ya zautar da shi," su miƙa masa sadaka.

Ya 'yan uwa, akwai azabar da ta fi ka faɗi gaskiya a ba ka sadaka? Gaskiya tana da lokaci. Ranar da take da ɗaci, ranar take magani. Kada ka ce wanda ha'incinka zai faɗa wa yana nesa, ba ka san shi ba. Allah ya san shi, kuma ya san hanyar gidanka. Kai mai sayar da kaya, kai mai gyara, kai direba, wace ja ka ɓamɓare ka manna fara a wurinta? Je ka faɗa yau, tun ana iya yarda da kai.

Allah ya ba mu ikon cewa "ni ne" tun kafin bakin alƙalami ya bushe. Allah kada ya kama 'ya'yanmu da abin da hannayenmu suka ɓoye. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.