Ranar da Mai Kwaɗo Ya Ba Ƙaninsa Makulli

Akwai wani bawan Allah da kowa ke kira Mai Kwaɗo, domin sana'arsa ke nan: kwaɗo, sakata, sarƙa, duk abin da ake datse ƙofa da shi. Dattijo ne a cocinsu, irin dattijan nan da ba a kayar da su a musu. Na san kun san irinsu. Kada wanda ya ambaci suna a ƙarƙashin rubutun nan, yau ba ni da ƙarfin rigima.

Da wani tsohon fasto, wanda ake kira Baba Fasto, ya buɗe ajin Helenanci, wato yaren da aka fara rubuta Sabon Alkawari da shi, Mai Kwaɗo ne ya fara kama kujera. Kada ku ɗauka ƙishin Kalmar Allah ne. So yake a wajen nazarin Littafi ya miƙe ya gyara murya ya ce, "A Helenanci ba haka yake ba," kowa ya haɗiye maganarsa.

Mutumin nan yana da ƙane, Auta. Auta ya yi sata har ta kai shi gidan yari, ko keken ɗinkin mahaifiyarsu bai tsira ba. A can ciki ya tuba. Mai Kwaɗo ya biya tarar da kotu ta ɗora masa, ya fito da shi, ya tsaya a gaban ikilisiya ya ce, "Na yafe wa ɗan'uwana." Aka tafa, mata har da hawaye.

Washegari ya kwaso kwaɗuna daga shago.

Ɗakin ajiya, kwaɗo. Durowa, kwaɗo. Tankin janareta, kwaɗo. Har firji.

Matarsa ta riƙe haɓa. "Maigida, firji kuma? Ruwan sanyi Auta zai sayar?"

"Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake."

"To ai ka ce ka yafe."

"Na yafe. Ban ce na haukace ba."

A shago, shara da ɗaukar kaya ne aikin Auta. In Mai Kwaɗo zai zaga bayi, sai ya kulle akwatin ciniki ya tafi da makullin. In Auta ya yi shiru, a ganinsa yana ƙulla wani abu. In ya yi dariya, ya sami wani abu. Shi kuwa Auta, in yana jin ƙishi ya tarar da firji a kulle, sai ya sha na famfo.

Sai Mai Kwaɗo ya lura da wani abu. Duk Asabar da yamma, in ya rufe shago ya tafi aji, Auta ma yana ɓacewa. Ya tambaye shi, ya ce shan iska. Ya shinshina rigarsa a igiyar shanya, bai ji komai ba. Ya ɗaga katifarsa, babu komai. Rashin samun komai ɗin ne ma ya fi tayar masa da hankali.

Wata Asabar ya fita da littafinsa a hammata kamar mai zuwa aji, ya laɓe a kwanar layi. Auta ya fito, ya bi shi. Dattijon coci guda, yana raɓewa jikin katanga kamar ƙadangare.

A bayan tasha, kusa da wata tsohuwar tirela, Auta ya tsaya wajen wani mai tabo a kumatu. Ƙwaro ne, abokin satarsa na dā. Mai Kwaɗo ya duƙa a bayan taya ya kasa kunne.

"Har yanzu kana gidan mai kulle ruwa?" in ji Ƙwaro. "Gidan yari ma ana barinka ka sha ruwa. Ka dawo cikinmu. Mu ɓarayi ne, amma ba ma ɓoye maka cokali."

Auta ya ce, "Ka bar ni zuwa Asabar mai zuwa. Zan ba ka amsa."

To kun ji. Zarginsa bai faɗi ƙasa banza ba, kuma ni ba zan yi muku ƙarya in ce Auta mala'ika ne ba.

Mai Kwaɗo ya isa aji a makare, yana huci, tarin makullai na kacau-kacau a ƙugunsa. Ya riga ya yanke hukunci: yau kayan Auta a waje za su kwana.

Baba Fasto yana da wata al'ada. Ba ya barin ɗalibi ya haye kalma. Aya guda sai a wuni a kanta, kowace kalma a tambaye ta daga ina ta fito, su wa ke faɗinta a wancan zamani, kuma a wane wuri. Ran nan suna kan ayar da Yesu ya ce ya zo ne ya ba da ransa fansa saboda mutane da yawa.

"Dattijo, ka makara, sai ka biya. Maimaita mana aikatau ɗin da muka fara koya."

Mai Kwaɗo ya miƙe da ɗaure fuska. "Luwo, ina kwancewa. Luweis, kana kwancewa. Luwei, yana kwancewa."

"Madalla. Kalmar fansa a ayar nan, lutron, 'yar gidansu ce. A wancan zamani, abin da ake biya ke nan a kwance bawa ko wanda aka kama a yaƙi. Ana biya, a cire masa igiya, ya kama hanyarsa."

Nan Mai Kwaɗo ya fashe. Ya zayyana komai, tun daga tarar kotu har bayan tirela. "Baba, na fanshe shi da gumina, ga sakayyar da zai yi mini!"

Tsohon ya cire tabarau. "In ka je kasuwar bayi ka biya kuɗin mutum, aka miƙo maka igiyarsa, ka riƙe ta ka ja shi zuwa gida, me ka yi?"

Tsohon ya ba da amsar da kansa.

"Sayensa ka yi, ɗana. Canjin ubangida kawai ya samu."

"Baba, ɓarawo ne fa!"

"To dā mai gaskiya ake fansa? Kai ranar da Almasihu ya kwance ka, ya bar wani guntun igiya a hannunsa ko za ka koma? Ya san halinka sarai, ya dai sake ka."

"In ya yashe ni fa?"

"Zai iya. Ban ce ba zai iya ba. Wanda ya fanshe mu ma ai ba da araha ya yi ba."

Mai Kwaɗo ya koma gida ba musu a bakinsa, abin da matarsa ba ta taɓa gani ba. Da safe ya cire kwaɗon firji. Ta kalle shi ta ce, "Lafiya? Ko sayar da shi aka yi?"

Da Asabar ta zagayo, bai rufe shago ba. Ya zare makullin ƙofa da na akwatin ciniki ya ajiye a tafin Auta.

"Zan tafi aji. Ka tsare shago."

"Ni, Yaya?"

"Akwai wani Autan a nan?"

Kada ku zaci zuciyarsa ta kwanta. A aji yana kallon allo, shagonsa yake gani wayam. Baba Fasto ya yi masa tambaya ya amsa da, "Dozin nawa?" Ana tashi ya fita da sauri har ya bar littafinsa.

Ya tarar da shago a kulle, ba Auta. Maƙwabcinsa mai fenti ya ce, "Wani mai tabo ya zo, na ji hayaniya, suka yi bayan layi tare."

Shi ke nan. Ga shi ba makulli. Ya ari zarto ya hau yankan kwaɗon, wanda shi da bakinsa yake rantse wa masu saye ba ya yankuwa. Kuma bai yanku ba. Gumi ya jiƙe shi sharkaf, yana yanka yana cewa, "Na sani. Ni na sani. Helenanci ya cuce ni."

"Yaya, za ka lalata kwaɗo mai kyau."

Ya juya. Auta ne, leɓe a kumbure, riga a yage. Ya sa hannu cikin safarsa ya zaro makullai biyu.

"Ƙwaro ya ji shago yana hannuna. Ya ce in ba shi makulli mu raba. Na kulle na ja shi nesa, kada ya fasa maka gilashi."

Suka buɗe. Komai yana inda yake. Mai Kwaɗo ya tsaya a gaban akwatin ciniki, hannunsa na ƙaiƙayin buɗewa. Ya mayar da shi aljihu.

Auta ya goge jinin bakinsa. "Gaskiya, Yaya, dā na shirya ce masa to. Ban ga abin da zan rasa ba. Sai ka ba ni abin da zan tsare."

Ya miƙa masa makullan. Mai Kwaɗo ya kalle su, ya kalli leɓen ƙaninsa.

"Riƙe. Kai za ka buɗe ran Litinin. Mu je gida ka sa ƙanƙara a bakin nan, firjin a buɗe yake."

Darasi: Karatun Helenanci ba sandar dukan 'yan'uwa a musu ba ne, fitila ce ta ganin zurfin abin da Almasihu ya yi mana: ya biya, ya kwance, bai riƙe igiya ba. Ban ce ka bar ƙofarka a buɗe wa kowane ɓarawo ba. Amma in ka ce ka yafe wa wanda ya tuba, duba hannunka ka ga ko igiyarsa na nan. Ku tura wa wani Mai Kwaɗon da kuka sani, in kuma kai ne, ka karanta sau biyu.