Tarin Ƙirare a Bayan Shinge

Mutanen wannan labari huɗu ne: Lorna Pettibone, tsohuwar da mijinta ya rasu, Efrain Saldivar, mai duba gidaje, Darlene, matar mai laifin, sai shi mai laifin, wanda na sakaya sunansa domin 'ya'yansa suna raye.

An yi wani mutum a kan tudunmu, a arewacin Kalifoniya, shekarar da kamfanonin inshora suka janye daga unguwar saboda gobarar daji. Babu abin da ya rage mana sai wani asusun inshora na ƙarshe, mai karɓar gidajen da kowa ya ƙi. Shi ma da sharaɗinsa: a share itace da ciyawa kewaye da gida, a kai su juji, a sa hannu.

Mutumin ya sare, ya share. Amma juji da nisa, shi kuwa gaggawa yake yi. Sai ya tura tarin ƙiraren ta kan shinge zuwa filin Lorna, har da tarkacen rumfarsa. Ya sa hannu cewa ya kai juji.

Efrain ya zo duba gidaje a madadin asusun, ya amince da gidan mutumin. Na Lorna kuwa ya ce ba za a karɓa ba sai an kwashe tarin.

Ta dogara sandarta ta zo bakin shinge. "Maƙwabci, itacen nan fiffike gare shi? Jiya babu, yau ga shi."

Ya ce, "Mama Lorna, ki canza tabarau. Tun zamanin marigayi mijinki yake nan."

"Marigayin da ko ganye bai bari ya kwana a ƙasa ba? To, ara mini motarka a kai shi juji."

"Tana wurin gyara," in ji shi, alhali motar tana tsaye a bayansa.

Ya 'yan uwa, daga ranar bai sake sanin zama ba. Ya auna da ƙafarsa, ya ga tarin ya fi kusa da bangonsa fiye da nata. Ya fita, ya dawo, ya leƙa taga. Da ganye ya motsa, sai ya miƙe. Ya bar abinci a faranti ya je yana shinshinar iska.

Darlene ta ce, "Kai, zauna mana, jiri kake sa ni! Je ka kwashe abin nan kafin iskar kaka ta taso."

Ya ce, "In na kwashe, ai na amsa nawa ne."

Wace kunya ce ta kai gida tsada?

Iska ta taso a watan Oktoba da tsakar rana, ta koro gobarar daji. Kowa ya gudu. Wuta ta hauro daga kwari, ta tarar da busasshen tari yana jiranta, iska ta kwashi tartsatsinsa ta zuba a rufin mutumin. Gidan Lorna bango ɗaya kawai ya yi baƙi. Nasa ya zama toka.

Mutumin ya kai buƙatar diyya ga asusun. Efrain ya dawo ya tona inda tarin yake, ya ciro tsohon akwatin wasiƙa na ƙarfe, da sunan mutumin da lambar gidansa a jiki. Asusun ya ce wanda ya sa hannu a kan ƙarya ba shi da komai. Bayan wannan ƙofa kuwa babu wata.

Lorna ta aika cewa su kafa ɗakinsu na tafi-da-gidanka da ake ja da mota a filinta, wurin ai ya sharu yanzu. Darlene ta je. Shi har yau yana kwana a motarsa, yau nan, gobe can.

Ya 'yan uwa, cutar da ka tura wa maƙwabci ba ta yin nisa da bangonka, kuma wanda ya ƙi amsa laifi tun yana ƙarami zai amsa shi a gaban kowa. Allah ya kiyaye mu da ƙarya da cutar maƙwabci, ya ba mu ikon tuba da wuri.

Da girmana na koyi rubutu. Wanda ya ga kuskure a nan ya gyara, ya yafe mini.