Munduwar Ƙarfe a Ɗakin Allura

Akwai wani mutum a zamanin da masana suka fara binciken maganaɗisun ƙasa, wato ƙarfin da ke juya allurar kamfas ta fuskanci arewa. Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai suka yi alkawari kowa a ƙasarsa zai duba allurarsa lokaci guda, su haɗa abin da suka gani. Mutumin nan yana tsaron tasa a bisa dutse, cikin ɗakin da ba ko ƙusa, gama ƙarfe yakan ja allura.

Ana nan sai matarsa ta rasu. Tun daga nan allurarsa ta daina dacewa da ta kowa. Manyan aikin suka ce ko ya gyara, ko a sallame shi. Ya sake zaren da aka rataye allurar da shi, ya share ɗakin, duk a banza.

Sai wani abokin aikinsa ya taso daga nesa, ya hau dutsen. Ya ce masa, "Ɗan'uwa, fita tukuna." Da ya fita, allura ta tsaya daidai. Da ya komo, ta karkata wajensa.

Abokin ya ce, "Me ke jikinka?"

"Ba komai."

"To, allurar son ka take yi ke nan? Naɗe hannun rigarka."

Munduwar ƙarfe ce ta matarsa, tana damtsensa tun ranar jana'iza. Ya dafe ta, ya ce, "Gara a kore ni da in yar da ita."

"Wa ya ce ka yar? Ba ni in riƙe maka a bakin ƙofa. In ka fito, ka karɓi abinka."

Ya daɗe a tsaye. Sa'an nan ya zare ta, ya miƙa. Da abokin ya fita da ita, allura ta tsaya daidai.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Allurar ita ce zuciya, wadda aka yi domin ta fuskanci Ubangiji. Munduwar kuwa baƙin ciki ne. Ba zunubi ba ne, amma yana da ƙarfin ja, mai ɗauke da shi kuma ba ya gani. Ni kaina, da mijina baban Rifkatu ya rasu, addu'ata duka wajen kabarinsa ta karkata, sai da matan zumunta na cocinmu suka zo suka zauna da ni. Ba wadda ta ce in manta da shi.

In naka baƙin cikin yana ɓoye cikin riga yau, kada ka koma gida da shi kai kaɗai. Nuna wa na kusa da kai, ya riƙe maka har ka gama addu'a.