Kasuwar da Ba a Ɗaga Murya

An yi wani Ciyaman da ya gyara kasuwar tsakiyar gari, ya shafe ta da fenti, sannan ya kafa doka: ba hayaƙi, ba jaki, ba ɗaga murya. Kafin wata ya ƙare kowa ya koma bakin titi, aka bar wa ƙadangaru rumfuna.

Sai ya sa aka kirawo Tunau mai tsire, wanda shi ne ya fara tashi daga kasuwar.

"Tunau, kai ka janye su, kai za ka dawo da su. Nan da Juma'a kasuwar nan ta cika, ba tare da an karya doka ba. In ba haka ba, in sa a rushe tukubarka."

"Ranka ya daɗe, mutum nawa kake so?"

"Dubu!"

"Ba mai hayaniya?"

"Ko tari."

"Kuma ba mai komawa bakin titi?"

"Yauwa, ka gane!"

"To ai sun samu. Suna can bayan gari a kwance, sun fi dubu. A ba ni mota da masu haƙa kawai."

Ciyaman ya zabura. "Maƙabarta kake nufi? Matattu ne za su yi ciniki?"

"Me zai hana, ranka ya daɗe? Bara ba su ne suka fito suka jefa maka ƙuri'a ba?"

Ciyaman ya dubi kansiloli, kowa ya sunkuyar da kai. Ya yi gyaran murya.

"Sakatare, a soke dokar nan. Tunau, je ka hura wuta."